Kuɗi da Karatu: Tarihin Makarantar Ƴaƴan Talakawa a Nijar

Duk shekarar da sakamakon jarrabawa ya fito ba daɗi, gardama ɗaya ce ke tashi tsakanin malamai, iyaye da hukumomi. Wasu su ce yara sun kasa karatu ne domin an bar makaranta ba kuɗi. Wasu su ce an yi shekara da shekaru ana zuba kuɗi, amma ba a ga abin da suka haifar ba. Kowane ɓangare na da abin da ya dogara da shi, gardamar kuma ba ta yau ba ce. Tarihin makarantar firamare a Nijar yana iya raba ta, muddin aka dube shi ta wajen makarantun ƙauye da na unguwannin talakawa, inda mafi yawan ƴaƴan ƙasa ke zaman aji. Tambayoyi biyu ne za su yi mana jagora: daga ina kuɗin makaranta suka riƙa fitowa a kowane zamani, kuma me aka saya da su?

Zamanin Nasara: kowa na biya, ƙalilan ke shiga

A shekarar 1898 ne sojojin Faransa suka buɗe makarantar boko ta farko a ƙasar da ake kira Nijar a yau, a Dulsu, bakin kogin Isa. A 1900 majalisar Faransa ta kafa doka cewa kowace ƙasar mallaka ta riƙa ɗaukar nauyin ayyukanta na farar hula daga abin da take tarawa a cikin gida. A 1903 kuma aka tsara makarantun Afirka ta Yamma hawa-hawa: ta ƙauye, ta yanki, ta birni, sannan manyan makarantun Senegal. Dokar 1900 ita ce ta ɗaure makarantar Nijar har tsawon rabin ƙarni. Ƙasar ba ta da tashar jirgin ruwa, ba ta da koko ko kofi irin na ƙasashen gaɓar teku. Ƙarfin baitulmalinta harajin kai ne da jangali. Ke nan manomin hatsi da makiyayi su ne ke biyan kuɗin makaranta, alhali ƙalilan ne daga ƴaƴansu ke shigarta.

Manufar makarantar ma ba ta wuce samar da tafintoci, magatakarda da malamai gwargwadon bukatar mulki ba. Kwamanda kan aika wa sarki ya kawo yara kaza, iyaye kuwa su yi ta ɓoyon nasu, don suna ganin lakkwal hanya ce ta raba yaro da addininsa da gonar ubansa. Wanda ya tsallake duk matakai sai a tura shi makarantar William Ponty a Senegal. Daga can Bubu Hama ya fito a 1929, ya zama malamin makaranta na farko ɗan Nijar mai wannan shaida. Daga can kuma Diori Hamani da Jibo Bakari suka fito. Asusun FIDES da Faransa ta kafa a 1946 ya kawo kuɗin gine-gine, amma albashi da kayan aiki suka ci gaba da zama a wuyan ƙasa. Ranar 3 ga Agusta 1960, da Nijar ta samu ƴancin kai, yaran da ke makaranta ba su kai 5 cikin 100 na waɗanda suka isa shiga ba.

Akwai abin lura a nan ga masu yabon lakkwal ta da. Gaskiya ne mai sartifika na wancan zamani yana rubuta wasiƙa da Faransanci mai kyau. Amma yara nawa aka tace kafin a same shi? An zaɓi kaɗan, an kori da yawa a hanya, an kuma kashe wa kowane ɗaya abin da ƙasa ba za ta iya kashe wa dukan ƴaƴanta ba. Auna makarantar yau, mai karɓar ɗan kowa, da mudun waccan rashin adalci ne ga malamin yau.

Gyaɗa, talabijin da harshen uwa

A 1961 ƙasashen Afirka suka taru a Addis Ababa, suka yi alkawarin sa kowane yaro makaranta kafin 1980. Arzikin Nijar a lokacin gyaɗa ce, wadda manoman Maraɗi da Damagaram ke nomawa, kamfanin SONARA da aka kafa a 1962 yana saye yana fitarwa. Kuɗin gyaɗa ba su isa a horar da malamai da saurin da ake so ba, sai gwamnatin Diori ta nemi gajeriyar hanya. A 1964, da taimakon Faransa, aka soma koyarwa ta talabijin. Ana shirya darussa a Yamai, a aji kuma mai kula da yara, wanda bai yi dogon karatu ba, ya kunna akwati ya bi da su. Masana daga ƙasashe dabam-dabam sun zo sun gani, sun yaba da yadda yaran ke sakin baki da Faransanci. Sai dai tsarin na da tsada, akwatunan na son wuta da gyara, kuma bai taɓa isa ga mafi yawan ƙauyuka ba. A 1979 aka naɗe tabarmarsa, kayan aikinsa suka zama harsashin talabijin ta ƙasa.

Gwaji na biyu bai yi amo kamar na farko ba. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da rubutu da lissafi da Hausa, sannan Faransanci ya shigo sannu a hankali. Daga baya aka ƙara da Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barbarci. Binciken da aka yi a kan waɗannan makarantu ya nuna ɗalibansu sun fi takwarorinsu iya karatu da fahimta, a Faransancin ma ba a bar su baya ba, kuma ƴaƴan ƙauye su suka fi cin moriya. Duk da haka makarantun suka yi wajen shekara talatin suna ɗauke da sunan gwaji, yawansu bai wuce ƴan gommai ba. Ba a keɓe musu kaso tsayayye a kasafin kuɗin ƙasa ba. Littattafansu da horon malamansu sun riƙa jiran taimakon waje, musamman na Jamus a ƙarshen shekarun 1990. Abin da ya nuna amfani ga ɗan talaka shi aka bari yana jiran sadaka.

Ana cikin haka fari ya durƙusar da gyaɗa, uraniyom ya maye gurbinta. An fara haƙo shi a Arlit a 1971, farashinsa ya hau bayan juyin mulkin Seyni Kunce na 1974. An gina azuzuwa da yawa a waɗannan shekaru, samariya ta yi aikin gayya tana buga bulo a ƙauyuka, an ɗauki malamai aiki. Zuwa 1980, shekarar da aka yi alkawarin kowa zai shiga, wajen yaro ɗaya cikin huɗu ne ke makaranta.

Shekarun tsuke bakin aljihu

A farkon shekarun 1980 farashin uraniyom ya faɗi, farin 1984 ya biyo baya, bashi ya yi wa ƙasa katutu. Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Bankin Duniya suka ba da rance bisa sharaɗin rage kashe kuɗi. Aka taƙaita ɗaukar ma'aikata. A birane aka shigo da tsarin da malami ɗaya ke koyar da rukuni biyu, wasu da safe wasu da marece, kowane rukuni na samun ƙasa da lokacin da ya kamata. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka fito zanga-zangar ƙin amincewa da matakan tsimin da suka shafi ilimi, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy ta Yamai, uku suka rasu. Wannan rana na cikin abubuwan da suka kai ga babban taron ƙasa na 1991.

Dimokuraɗiyya ta zo ta tarar da baitulmali wayam. Malamai suka riƙa yin watanni ba albashi, yajin aiki ya bi yajin aiki, wasu shekarun karatu suka tafi a banza. A watan Janairu 1994 aka rage darajar sefa da rabi, kuɗin takarda, kaye da littattafan da ake shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabo. Kusan duk abin da ma'aikatar ilimi ke samu albashi ke cinyewa, abin da ya rage na alli da littafi bai taka kara ya karya ba. Adadin masu shiga makaranta ya tsaya kusa da 30 cikin 100 har ƙarshen ƙarni.

Wahalar ba ta faɗa wa kowa daidai ba. Ɗan ma'aikaci a birni yana da mai duba masa kaye a gida, uban na iya biya masa malami na musamman ko ya mayar da shi makarantar kuɗi. Ɗan manomi kuwa ba ya jin Faransanci sai a bakin mushe, ba ya ganin rubutun boko sai a allon aji. Ranar da aji ke rufe, karatunsa ya tsaya cak. Wannan ita ce gaskiyar da ta fi kowace muhimmanci a tarihin nan: gwargwadon talaucin gida, gwargwadon yadda karatun yaro ya rataya ga abin da makaranta ke iya ba shi.

Yawa ya zo, karatu ya yi saura

Dokar tsarin ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta tabbatar da haƙƙin kowane yaro na samun ilimi, ta kuma ba harsunan ƙasa gurbi a koyarwa. A wannan shekara aka soma ɗaukar malaman sa-kai, waɗanda daga baya suka zama malaman kwantaragi. Taron duniya na Dakar a 2000 ya sabunta alkawarin ilimi ga kowa. An sassauta wa Nijar bashi tsakanin 2000 da 2004, kuma da kuɗin da aka samu ta nan shirin musamman na shugaba Tanja Mamadu ya sa gaba wajen gina azuzuwa 1000 kowace shekara. A 2003 aka ƙaddamar da shirin shekara goma na bunƙasa ilimi. Sakamako ya fito fili: daga wajen 34 cikin 100 a 2000, adadin masu shiga firamare ya haura 70 cikin 100 zuwa 2012. A daidai wannan lokaci jama'ar ƙasa ta tashi daga miliyon 11 a ƙidayar 2001 zuwa miliyon 17 a ta 2012. Buɗe ƙofar makaranta ga yara masu yawa haka cikin shekara goma sha biyu ba ƙaramin aiki ba ne, kuma bai kamata a raina shi ba.

Amma ta wace hanya aka yi shi? An yi shi ne ta rage abin da ake kashe wa kowane aji. Malamin kwantaragi na karɓar abin da bai kama ƙafar albashin cikakken ma'aikaci ba, da yawa an tura su aji da horo kaɗan, kuma cikin ƴan shekaru suka zama mafi rinjaye. Idan ɗan abin da ake biyansu ya yi jinkiri, ko malami ya yi tafiyar kwanaki zuwa gari don karɓa, aji ne ke zama ba kowa. Inda ba gini sai a kafa rumfar zana. Kara ba ya samuwa sai an gama girbin hatsi, don haka ajin zana kan makara wajen buɗewa, ruwan farko kuma ya tashe shi. Shekarar da aka tsara daga Oktoba zuwa Yuni sai ta gutsure gaba da baya, kuma a makarantun talakawa ne ta fi gutsurewa.

Awon PASEC na 2014, wanda ya haɗa ƙasashe 10 na Afirka masu amfani da Faransanci, ya bayyana abin da malamai suka daɗe da sani. A ajin ƙarshe na firamare, ɗaliban Nijar da suka kai matakin da ake bukata ba su kai 1 cikin 10 ba, a karatu da lissafi duka. A awon nan kuma Burundi, wadda ita ma matalauciya ce, ta zo kan gaba a ƙananan azuzuwa, kuma da Kirundi, harshen gida, yaranta ke fara karatu. A 2015 Nijar ta soma sabuwar manhaja da harsunan ƙasa a makarantu 500. A 2017 ma'aikatar ilimin firamare ta yi wa malaman kwantaragi gwaji, duk da adawar ƙungiyoyin malamai, wajen ɗaya cikin uku ne ya samu matsakaicin maki. An yi ta zargin malamai a lokacin, aka manta cewa da yawansu ɗaliban shekarun 1990 ne: ƙasa ta girbi abin da ta shuka. A awon PASEC na 2019 an samu ci gaba, wajen 30 cikin 100 a karatu, fiye da 20 cikin 100 a lissafi. Ke nan a wannan shekara bakwai cikin goma na isa ajin ƙarshe ba su iya karanta rubutu su gane shi yadda ya kamata ba.

Da kuɗi suka shiga hannun iyaye

Wani babi na tarihin nan a jahar Tawa aka rubuta shi. A 2004, da taimakon Japan, aka soma shirin Makaranta Don Kowa, wanda ya raya kwamitocin kula da makarantu da aka fi sani da COGES. Jama'ar gari ke zaɓen shugabannin kwamiti ta ƙuri'ar sirri, su tsara ayyukan shekara a taron gari, su yi karo-karo. Tsarin ya bazu zuwa Damagaram, a 2007 kuma ya game ƙasa.

Daga nan aka yi gwaji mai ma'ana. A shekarar karatu ta 2007 zuwa 2008, cikin makarantu 1000 na jahohin Tawa da Damagaram, aka ba kwamitocin 500 tallafi kai tsaye, sauran 500 aka bar su don a gwada. Matsakaicin abin da kowace makaranta ta samu dalar Amurka 209 ne, wato kusan jika ɗari na sefa, abin da bai kai jika ɗaya ga kowane ɗalibi ba. Masu bincike biyu, Elizabeth Beasley da Élise Huillery, suka bi diddigi. Sun tarar iyaye sun ƙara himma, an yi gyare-gyare, an sayi kayan aiki, ƙananan yara sun ƙara zama a makaranta. Amma makin ɗalibai bai motsa ba, zuwan malamai aji ma ya ɗan ragu. Niyya ce iyaye ke da ita. Abin da suka rasa shi ne sanin inda karatun ƴaƴansu ya tsaya, da ikon faɗa a ji a kan abin da ke gudana cikin aji.

A farkon shekarun 2010 aka sake gwaji a makarantu 180 na jahar Tilaberi, wanda Eiji Kozuka ya yi nazarinsa. Wasu kwamitoci aka ba su kuɗi kawai. Wasu aka haɗa musu da horo: a yi wa yara ɗan gwaji mai sauƙi, a karanta sakamakon a gaban taron gari, sannan a shawarta abin da za a yi da kuɗin. Inda kuɗi kaɗai suka je, maki bai canza ba. Inda iyaye suka ji da kunnensu yawan ƴaƴansu da ba su iya haɗa baƙi ba, sai suka karkata ga littattafai da darussan ƙari da karatun dare, maki kuma ya hau a Faransanci da lissafi.

Akwai kuma batun ko kuɗin na isa inda aka nufa. A Uganda, binciken da aka yi kan shekarun 1991 zuwa 1995 ya nuna 13 cikin 100 ne kawai na tallafin kayan aiki ke isa makarantu. Gwamnati ta soma buga adadin da ta aika a jaridu, aka sa makarantu su manna shi a bango, zuwa 2001 abin da ke isa ya haura 80 cikin 100.

Abin da tarihi ya bar mana

Ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata makaranta a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara wajen 20 suka rasu. Ranar 8 ga Nuwamba na wannan shekara aka sake irinta a Maraɗi, aƙalla yara 25 suka rasu. Hukumomi sun ƙiyasta azuzuwan zana a ƙasa sun kai wajen 36,000 a lokacin. Duk mai cewa kuɗi ba su ne matsala ba, ya tuna da waɗannan ranaku biyu. Makarantar da ba ta da rufi, ba littafi, malaminta na bin albashi, ba wata dabarar koyarwa da za ta cece ta.

Masu cewa an zuba kuɗi ba a ga komai ba su ma ba su yi ƙarya duka ba, sai dai tarihi ya nuna dalili. A zamanin Nasara an kashe da yawa a kan kaɗan. A zamanin talabijin an sayi abin da ƙasa ba za ta iya riƙewa ba. Bayan 2000 an sayi gurbin zama, aka yi tsimi a kan malami da lokacin karatu. Inda aka ga karatun ɗan talaka ya motsa, kamar a makarantun gwaji na 1973 da ƙauyukan Tilaberi, kuɗin sun tafi ne ga abin da ke taɓa yaro kai tsaye: harshen da yake ji, littafin da zai riƙe, da sa'o'in da wani zai zauna da shi.

Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Dokar 1998 ma ta ba harsunanmu gurbi, amma rashin kaso a kasafi ya sa gurbin ya daɗe a kan takarda. Yaron da ke jin Hausa, da mai jin Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak ko Barbarci, kowane na bukatar littafin farko da harshensa da malamin da aka horar ya koyar da shi, kuma waɗannan kuɗi ke yin su. Ƙungiyoyin raya al'adu na da nasu rabon aikin, domin tatsuniyoyi, karin magana da tarihin garuruwa da ke hannunsu su ne kayan da ake haɗa littattafan karatun yara da su. Malamai kuwa suna da abin da ba ya bukatar izini daga Yamai. A taron kwamiti na farkon shekara, darakta na iya karanta wa iyaye abin da ya shigo asusun makaranta da abin da aka yi da shi, sannan ya faɗa musu yara nawa ne a kowane aji suka iya karanta jimla guda, kafin a tsai da shawarar inda kuɗin bana za su tafi.